Zaren tarihi a shafin kamfani da maganar abokan ciniki

A ƙarshen watan Fabrairun 2012 Facebook ya sanar da cewa shafukan kamfanoni za su koma sabon tsarin da ya sa wa suna Timeline, kuma zuwa ƙarshen watan Maris an mayar da kowane shafi kan tsarin, ko mai shi ya so ko bai so ba. Abin da ya ja hankalina a lokacin shi ne yadda tsofaffin kamfanoni suka koma baya har zuwa asalinsu. Jaridar New York Times ta faro nata daga 1851, Coca-Cola kuma daga 1886, shekarar da John Pemberton ya fara haɗa lemon a birnin Atlanta na Amurka. Mutum zai latsa shekara, sai tsohon hoto ko tsohuwar talla ta bayyana, a ƙarƙashinta kuma ga maganganun mutanen yau, wannan yana tuna kakansa, wancan yana ƙorafi a kan farashi.

Daga baya kamfanoni da yawa sun ɗauko wannan dabara zuwa shafukansu na intanet. Ni ina kiranta zaren tarihi, domin layi ne guda da ake jera abubuwa a kansa bisa kwanan wata, mai ziyara yana jan sa da yatsa zuwa gaba ko baya, yana buɗe duk abin da ya ga dama. Gina shi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Manhajar TimelineJS, wadda cibiyar Knight Lab ta Jami'ar Northwestern ta samar, kyauta ce, kuma abin da take nema shi ne a cike jadawalin Google Sheets da shekara, da kanun labari, da bayani, da adireshin hoto ko bidiyo, ita kuma ta jera su.

Darajar zaren tana ƙaruwa ne idan aka sa muryar abokan ciniki a gefen ta kamfani. Idan kamfani ya rubuta cewa a shekara kaza ya fito da sabon injin ban ruwa, wannan talla ce, kuma kowa ya san mai kaya ba ya kushe kayansa. Amma idan shekara uku a gaba a kan zaren aka ga hoton da wani manomi ya ɗauka a gonarsa, injin yana aiki, da kwanan watan da ya wallafa shi, to maganar ta koma shaida. Kwanan watan shi ne ke ba ta nauyi, domin yana nuna cewa kayan sun jure amfani, abin da yabo maras rana ba zai iya nunawa ba.

Damuwata, wadda ita ce dalilin wannan rubutu, ita ce inda ake ajiye waɗannan shaidu. Yawancin zarurrukan da na gani ba su riƙe komai a rumbunsu ba, suna janyo saƙon ne kai tsaye daga kafofin sada zumunta duk lokacin da aka buɗe shafin. Labarin Storify ya isa misali. Wannan manhaja ta fito a 2010, kuma 'yan jarida da kamfanoni sun dogara da ita wajen tattara saƙonnin Twitter (wanda yanzu ake kira X) da hotunan Instagram da bidiyon YouTube su jera su a matsayin labari guda. Kamfanin Livefyre ya saye ta a 2013, kamfanin Adobe ya sayi Livefyre a 2016, sannan aka rufe Storify a watan Mayun 2018. An ba masu amfani da ita wa'adin kwashe kayansu, wanda bai kwashe ba kuwa ya rasa aikin shekaru. Irin haka ta sake faruwa da Adobe ya daina tallafa wa Flash, tsarin nuna bidiyo da zane mai motsi a shafukan intanet, a ƙarshen 2020, alhali zarurrukan tarihi masu yawa na farkon zamani da shi aka gina su, sai kuma a 2023 da Twitter ya daina bai wa masu gina manhajoji damar janyo saƙonni kyauta kamar da. Mu a Najeriya mun ga wani salon matsalar, domin daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta dakatar da Twitter, kuma duk shafin da ya dogara da saƙonninsa ya zama cike da gurabe a wayoyin mafi yawan masu ziyara daga cikin ƙasar. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, abokin ciniki yana iya goge saƙonsa ko ya rufe asusunsa ranar da ya so. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma tarihin da kamfani ya gina a kan rumbun wani aro ne.

Mafita ita ce kamfani ya ajiye kwafin hoton da rubutun a nasa rumbun, sai dai wannan ba ya halatta sai da izinin mai shi. Wanda ya ɗauki hoto shi ke da haƙƙin mallakarsa, kuma wallafa shi a fili ba ya nufin ya yafe wa kowa ya yi talla da shi. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, da takwararta ta Najeriya da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, duk sun ba mutum ikon janye amincewar da ya bayar. Bayan doka ma akwai mutunci. Na taɓa aiki da wani ƙaramin kamfanin kayan ɗinki da ya so sa hoton wata mata a zarensa ba tare da tambaya ba, don kawai ta yaba musu a Instagram. Da na nace aka tambaye ta, sai ta ce ta yarda a sa hoton kayan da maganarta, amma ban da fuskarta. Da ba a tambaya ba, da an yi mata abin da ba za ta manta ba, ita da iyalinta.

Akwai kuma batun tacewa. A watan Janairun 2012 kamfanin sayar da abinci na McDonald's ya tallata maudu'in #McDStories a Twitter da fatan jin labarai masu daɗi, sai mutane suka cika shi da ƙorafi, kamfanin ya janye tallar cikin sa'o'i kaɗan. Darasin da wasu suka ɗauka shi ne a toshe duk wata suka, kuma ban yarda da su ba. Zagi da ƙarya ba su da gurbi, wannan ba abin jayayya ba ne, kuma dole wani mutum ya duba kowane saƙo kafin ya hau shafi. Amma zaren da babu ko rana ɗaya mai wuya a cikinsa, mai karatu zai gane an share shi. Ƙorafi na gaskiya, idan aka sa amsar kamfani da ranar da aka gyara matsalar a gabansa, ya fi yabo goma gamsar da mai shirin sayen kaya, domin abin da yake son sani shi ne yadda za a yi da shi ranar da nasa kayan suka samu matsala.

Saboda haka, duk zaren da zan gina yanzu ina rage nauyin hotuna domin masu buɗe shi a waya da ƙaramar data, kuma ba na barin bidiyo ya fara da kansa. A cikin jadawalin da nake cikewa na ƙara ginshiƙai uku da ba sa bayyana ga mai ziyara: ranar da aka nemi izini, abin da mai saƙon ya amince a nuna, da wurin da aka ajiye kwafin asali. Layin da waɗannan gurabe uku ba su cika ba, ba ya hawa shafi.