A Sawun Ɗan Baduku, Daga Canterbury Zuwa Deptford

Jirgin ƙasa mai gudu da ke tashi daga tashar St Pancras a Landan kusan awa guda yake yi ya sauke mutum a Canterbury. Yawancin waɗanda muka sauka tare babban cocin garin suka nufa, ni kuwa wata hasumiyar agogo nake nema. Ita kaɗai ta rage daga cocin St George, wanda jiragen yaƙin Jamus suka ragargaza a 1942. A nan aka yi wa Christopher Marlowe, marubucin wasan kwaikwayo na Ingila, baftisma a watan Fabrairun 1564, shekarar da aka haifi Shakespeare. Na same ta tsaye tsakiyar kantuna, 'yan makaranta zaune a gindinta suna cin soyayyen dankali, babu mai ɗaga kai ya dube ta.

Uban Marlowe baduku ne, takalma yake ɗinkawa. Tallafin karatu ne ya shigar da yaron makarantar King's da ke cikin harabar babban cocin, ya kuma kai shi jami'ar Cambridge. Da na tsaya bakin ƙofar makarantar ina kallon ɗalibai cikin baƙaƙen kwat, sai na gane abin da ya sa manyan jaruman wasanninsa ba 'ya'yan sarauta ba ne. Tamburlaine, wanda aka fara nunawa wajen 1587, makiyayin tumaki ne da ya rantse sai ya taka duniya. Ya ci Farisa, ya kama Sarkin Turkawa Bajazeth ya kulle shi a keji, yana taka gadon bayansa in zai hau karaga. Daga baya ma sarakunan da ya ci da yaƙi ya sa wa linzami suna jan kekensa. A kashi na biyu na wasan girman kan ya kai shi ga sa a ƙona Alƙur'ani yana ƙalubalantar sama, wa'iyazubillahi, kuma bai jima ba cuta ta kwantar da shi, bai sake tashi ba. Wannan ƙagen Marlowe ne, domin Timur na tarihi, wanda aka gina wasan a kansa, ya kuma rasu a 1405, Musulmi ne.

Da na koma Landan sai na tsallaka kogin Thames zuwa unguwar Bankside. Ƙarƙashin wani dogon ginin ofisoshi aka tono harsashin gidan wasa na Rose a 1989, wanda Philip Henslowe ya gina a 1587. Wurin duhu ne, da sanyi da warin damshi, an lulluɓe harsashin don kada ya lalace. A wannan ɗan fili ɗan wasa Edward Alleyn ya fito a wani wasan Marlowe a matsayin Dakta Faustus, malamin jami'ar Wittenberg ta Jamus wanda ya gama da likitanci da shari'a da ilimin addini, ya ce duk sun yi masa kaɗan. Ya yanki hannunsa ya rubuta yarjejeniya da jini: shaiɗan ya yi masa hidima shekara 24, sannan ya ɗauki ransa.

Abin da ke ba ni haushi da Faustus shi ne abin da ya yi da shekarun. Mutumin da ya yi alkawarin kewaye Jamus da katangar tagulla, ya ƙare yana fizge wa Paparoma abinci a ɓoye, yana damfarar dillalin dawakai, yana samo wa wata gimbiya mai ciki inabi a tsakiyar hunturu. An sayar da gona an sayi alewa ke nan. Sai da agogo ya buga sha ɗayan dare a ranar ƙarshe ya koma mutum, yana roƙon taurari su tsaya, yana cewa zai ƙona littattafansa.

Gidan wasa na Globe na 'yan taku kaɗan daga nan, wanda aka sake ginawa aka buɗe a 1997. Na sayi tikitin tsayuwa mai araha na kalli Macbeth na Shakespeare. Yayyafi ya sauko, ga shi ba a yarda a buɗe laima ba, muka jiƙe sharkaf. Macbeth ya fi tsorata ni, domin shi ya san kisan Sarki Duncan zunubi ne, ya lissafa dalilan da za su hana shi ɗaya bayan ɗaya, amma ya je ya aikata. Shakespeare yana tausayin mutuminsa. Marlowe kuwa, a ganina, sha'awar nasa yake yi, hukuncin da yake yanke musu a ƙarshe don a bar shi ya nuna wasan ne.

Deptford, inda aka binne Marlowe, ita ce zangon ƙarshe. Na ratsa kasuwar babban titi, inda doya da manja da busasshen kifi ke jibge a bakin shaguna, na gangara cocin St Nicholas. A kan ginshiƙan ƙofar akwai ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa na dutse. Wani dattijo da ke sharar ganye ya ga ina dube-dube, ya ce, "Marubucin kake nema? Kabarin dai ba shi da alama, amma ga allonsa can a bango."

Ranar 30 ga Mayu 1593 Marlowe ya wuni a gidan wata mata, Eleanor Bull, tare da mutum uku. Rahoton mai binciken gawa, wanda Leslie Hotson ya tono a 1925, ya ce gardama ce ta tashi kan kuɗin abinci, Marlowe ya fara zarar wuƙa, ɗaya daga cikin ukun, Ingram Frizer, ya soke shi a saman idon dama. Ya mutu yana da shekara 29. Ni dai labarin kuɗin abincin bai shige ni ba. Kwana goma kafin nan majalisar Sarauniya ta umarce shi ya riƙa bayyana gabanta kullum, ana zarginsa da saɓo, kuma ɗaya daga cikin ukun, Robert Poley, ɗan leƙen asirin gwamnati ne. Wata guda bai cika ba aka yi wa Frizer afuwa. Ya koma Eltham da zama, ya zama ɗaya daga cikin masu kula da cocin garin, ya rayu har 1627.