Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Teburin majan a Guangzhou

Assalamu alaikum jama'a. Wancan makon mun tsaya ne inda kayana suka maƙale a masana'anta, abokan tafiyata ƴan Kantin Kwari suka koma Kano bayan an tashi Canton Fair na watan Oktoba, babban baje kolin kayayyaki da ake yi a Guangzhou ta ƙasar China, aka bar ni ni kaɗai a unguwar Xiaobei.

Wallahi kaɗaici ciwo ne. Da rana dai akwai zirga-zirgar kasuwa, ran Juma'a in je masallacin Huaisheng in ga ƴan uwa musulmi, amma da an yi isha'i sai ɗaki ya yi min faɗi, ba mai ce maka sannu da yarenka. To a ƙasan benen da nake haya kullum dare sai in ji wata ƙara kacau-kacau kamar ana wanke tsakuwa a kwano, ashe majan ne, wani wasan ƴan China, tsofaffi huɗu ne ke cakuɗa ƙwayoyin wasan a tebur mai koren ƙyalle. Na yi sati ina tsayawa kallo daga bakin ƙofa, don dara suke tuna min, yadda dattawan layinmu ke zama gindin darbejiya bayan la'asar.

Ranar da ɗayansu bai zo ba, tsohuwa mai gidan, wadda kowa ke ce wa Ayi, ta jawo min kujera, tunda wasan na mutum huɗu ne. Na ga kuɗi a gefen tebur sai na girgiza kai, na rubuta mata a waya cewa addinina ya hana caca. Ta karanta ta yi shiru, ta kwashe kuɗin kowa ta mayar masa, ta shiga ciki ta fito da gyaɗa mai ɓawo ta raba mana ashirin-ashirin, da ita za a dinga biya. Har yau in na tuna wannan sai idona ya kawo ruwa, don ba dole aka yi mata ba.

Ƙwaya 136 suke wasa da ita, masu sanyi a hannu da ɗan nauyi. Kowa zai gina katanga a gabansa, jeri 17 hawa biyu, a jefa dayis, kowa ya kwashi 13. Iri uku ne masu lamba daga 1 zuwa 9, masu ɗigo da masu gora da masu rubutu, sai na iska huɗu, wato gabas da kudu da yamma da arewa, da wasu uku, ja da kore da fari. Masu rubutun ne suka wahalar da ni, sai da tsohon da ke damana ya zana min lambobinsu a kwalin sigari. Kuma 1 ta gora ba gora ba ce a jiki, tsuntsu ne. Abin nema rukuni huɗu na uku-uku da tagwaye guda, in wani ya yar da ƙwayar da kake da biyunta sai ka ce "pung" ka ɗauke.

Dare na biyar na ci karon farko, hannuna na rawa na kwantar da ƙwayoyin, Ayi ta duba ɗaya bayan ɗaya ta buga tebur ta zuba min shayi da hannunta. A daren ne tsohon nan mai kwalin sigari ya tambayi sunan masana'antar da ta riƙe min kaya, ya ce da safe in jira shi a ƙofa.

Mu haɗu mako mai zuwa in sha Allah.