An cire min saifa, ga yadda aka yi

Yau wata huɗu kenan cif da aka cire min saifa a Yamai, kuma har yanzu in na faɗa ma mutum sai ya tsaya yana kallona. Wata maƙwabciyata a nan Tawa cewa ta yi "Madam, yo ita saifa ba a cikin kayan cikin akuya take ba?" To mu ma muna da ita, tana ɓangaren hagu ƙarƙashin haƙarƙari kusa da tumbi, girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba sosai.

Abin ya faro min ne da tabo, sai in tashi da safe in ga shuɗi-shuɗi a cinya ko a hannu kamar an buge ni alhali ko ƙofa ban yi karo da ita ba, ga wasu ƴan ɗigo-ɗigo ja a ƙafafu kamar an barbaɗa barkono. In na yi asuwaki dasashi ya yi ta jini. Haɓo kuwa na ɗora ma hunturu laifi. Al'ada ce ta tada min hankali, kwana 12 ba ta tsaya ba har ina ganin jiri a gaban allo ina koyarwa. Inna ta ce "ɗiyata wanga ba na likita ba ne, baki ne ya kama ki", aka kawo rubutu na sha, aka yi hayaƙi, ban ƙi ba don ba na son ɓacin ranta, amma washegari maigida ya ɗauke ni bisa moto muka tafi aka yi analiz.

Plaket ɗina 9,000. Ni lokacin ban ma san mene ne plaket ba, sai da majo, wato ma'aikacin jinya, ya ce min su ne ƴan ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni jini ya tsaya, kuma mai lafiya yana da 150,000 zuwa 400,000 a ɗan ɗigon da ake aunawa. Da fari an zaci palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, don shi ma yana saukar da su, aka duba babu. Aka duba sida, aka duba ciwon hanta B da C, duk babu, sai aka turo mu Yamai, can aka soka min allura a ƙashin ƙirji aka ɗebi ɓargo, wallahi wannan ko maƙiyina ba na mashi fata.

Sunan ciwon PTI a bakin likitocinmu, masu Ingilishi kuma ITP suke cewa. Yadda dokta ta fassara min: ɓargona lafiya lau yake, yana yin plaket, amma garkuwar jikina ce ta rikice tana ɗaukarsu abokan gaba, sai ta maƙala masu alama, in sun biyo ta cikin saifa ita kuma ta cinye su. Plaket da ya kamata ya yi kwana 7 zuwa 10 a jini, nawa ba su kai ko'ina. Ba a ɗauka wurin wani, kuma ba abinci ne ya jawo ba, na maimaita ma Inna wannan ya fi sau goma.

Aka sa ni kan prednisone, ƙwayar da ke danne garkuwar jiki. Maganin nan yana aiki kam, cikin sati biyu na haura 100,000, amma kuɗin da jiki ke biya! Fuska ta yi fam kamar wata daren sha huɗu, ci kamar gara, barci ya ƙaura, ga saurin fushi har yara suna gudu in na shigo gida. Mata a wurin biki suna min barka wai "Madam an samu ƙaruwa ne?" ina murmushi kawai. Kuma da an fara rage ƙwaya sai plaket su sake faɗowa 15,000, a ƙara, a rage, haka muka yi sama da shekara ina zirga-zirga Tawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Yamai, kusan kilomita 550, har direbobin kar sun san ni.

Akwai wasu magungunan, ba wai babu ba. Akwai immunoglobuline da ake sawa ta jijiya amma ƴan satuttuka yake riƙewa, akwai rituximab, akwai eltrombopag da ake sha kullum. Da aka faɗa mana kuɗin na ƙarshen nan na wata ɗaya, ni da maigida kallon juna muka yi, albashin malamar makaranta bai kai ba ko kusa. Saboda haka in na ji wani na cewa ai a Faransa yanzu ba a cika yin aikin cire saifa ba, sai in ce eh, can ne.

Abin da na yaba ma dokta, ba ta yi gaggawa ba. Ta ce sai an cika wata 12 tukuna kafin a cire saifar, don wasu ciwon yana lafawa da kansa. Kuma ba ta yi min daɗin baki ba, ta ce "Madam, cikin mutum uku kamar biyu ne ke samun sauƙi mai ɗorewa." Na ce in ni ce ta ukun fa dokta? Ta ce sai mu koma magani, amma saifa in ta fita ba ta dawowa. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, na yi istihara, na sa hannu.

Sati biyu kafin aiki aka yi min alluran rigakafi uku: na pneumocoque, na Haemophilus da na sanƙarau, don saifa ita ke tace irin waɗannan ƙwayoyin cuta daga jini. Da na ji sanƙarau gabana ya faɗi, duk wanda ya ga 2015 da aka rufe makarantu a Yamai saboda shi ya san abin da nake nufi.

Ranar aiki ƙannena biyu da abokin maigida suka ba da jini aka aje. Ni dai na tuna fitila bisa kaina da wani yana cewa ki ja numfashi, shi kenan. Na farka da tiyo a gefen ciki da ƙishirwa kamar na yi azumin watan Afrilu. Yanka aka yi, ba irin wanda ake huda ciki a zura kyamara ba. Likitan tiyata ya ce ya duba ko akwai ƴar ƙaramar saifa ta biyu, wai wasu suna da ita kuma in an bar ta ciwon na iya dawowa, bai samu ba. Tari da dariya su ne azaba, sai na danne ciki da matashi. Kwana ɗaya tal majo ta zo ta ce "Madam tashi ki taka", na ce baiwar Allah ki ji tausayina, ta ce jini ne ke iya daskarewa a jijiya in kin kwanta. Kin ji fa, ni da na shekara ina tsoron jini ya ƙi tsayawa.

Washegarin aiki plaket 85,000, bayan sati sun wuce 400,000, wancan watan 230,000. Na bar prednisone a hankali, fuskata ta dawo.

Yanzu tsoron ya koma wani wuri. Penisilin safe da dare har shekara biyu. Sange kullum ko da zafin Tawa zai gasa ni, don palu ga marar saifa yana iya yin tsanani da sauri, kuma ga damina na tahowa. Ina yawo da ƴar takarda cikin jaka mai cewa ba ni da saifa. In zazzaɓi ya wuce 38 ba jira, ba sayen ƙwaya wurin ƴan talla, ko cizon kare ne sai likita.

Satin da ya wuce ma ƙarfe biyun dare jikina ya yi zafi, na tada maigida, ya ce Madam ba za mu bari gari ya waye ba? Na miƙa mashi makullin moto. Aka duba, mura ce. Da muka dawo Inna na zaune bisa tabarma tana jiranmu da kwanon rubutu, har yau ita a wurinta shi ya yi aikin.