Alhamis: Sabulun Da Ya Ƙi

Da asubar yau na sauko da kwalin sabulun da na haɗa makonni biyar da suka wuce, ina murna cewa ya ƙosa, sai na tarar da wani farin gari kamar toka ya lulluɓe samansa, gefunansa kuma suna marmashewa a hannu kamar tsohon ƙuli. Farin garin bai tayar mini da hankali ba, domin yakan fito idan sodar da ke saman sabulu ta haɗu da iska, kuma tsumma mai danshi yana share shi. Abin da ya dame ni shi ne da na wanke hannu da ɗan guntu, sai fatar yatsuna ta yi zafi ta tattare, alhali ga hunturu ya riga ya busar da ita.

Na naɗe guda biyu a leda na nufi unguwar Birni a nan Damagaram wurin Gwaggo, wadda ta shekara da shekaru tana dafa sabulun salo da ruwan tokar karan gero. Ta jiƙa yatsa ta shafa a jikin sabulun, ta ɗan taɓa a bakin harshenta, nan take ta tofar. Ta ce, "Ɗiyata, wannan ai soda ce ta fi ƙarfin mai. Da me kika auna?" Na ce da lita na auna man, sodar kuma a shago aka auna mini. Ta yi shiru tana kallona, ni kuwa kafin ta sake magana na gane inda na yi tuntuɓe.

Lissafin da aka koya mana a kan kilo yake: kilo ɗaya na man gyaɗa yana cin soda wajen gram 136, na man ja kuma wajen gram 141. Ni kuma na zuba lita 2 na man gyaɗa da lita 1 na man ja, na ɗauka kilo 3 ke nan, alhali litar mai ba ta kai kilo ba, gram 910 zuwa 920 take. Ashe man da na zuba ya gaza da kusan rubu'in kilo, sodar da ta rage ba ta sami abin da za ta ci ba, gram talatin da ɗoriya, ita ce ta zauna a cikin sabulun tana jiran fatar mutane. Da mai ne ya yi yawa, da sabulun ya yi laushi yana zufar maiƙo, kuma wannan ya fi sauƙin haƙuri, tunda ba ya ƙona kowa.

Da yake yau ranar kasuwa ce, na biya ta Kasuwar Dole na sayi man kaɗanya, na kuma daure na sayi ƙaramin sikeli na dijital wanda na daɗe ina ja masa rai saboda kuɗinsa.

Bayan azahar aka shiga aikin sake dafa sabulun. Na sa safar hannu na roba, na gurje kashi biyu cikin uku na sabulun da abin gurzar kuɓewa da na daina amfani da shi, na haɗa da guntattakin sabulun wanka da na daɗe ina tarawa a gwangwanin madara, waɗanda yara ke bari a makewayi idan sun sirance. Na yayyafa ruwa rabin kofi kawai, domin idan ruwa ya yi yawa sabulun yakan lotsa ya karkace wajen bushewa. Tukunyar dalma ba ta shiga wannan aiki kai tsaye, saboda soda tana cin ta, don haka na zuba gurjin a kwanon ƙarfe mara tsatsa, na ɗora shi cikin tukunya mai ruwan zafi a kan murhun gawayi, na rufe. Bayan kusan awa guda ya narke ya yi kauri kamar tuwon da bai gama tuƙuwa ba, sai na auna man kaɗanya gram 270 a sabon sikelin na zuba don ya cinye sodar da ta rage, na ci gaba da juyawa da muciya har hannuna ya gaji. Da na sanyaya ɗan kaɗan na gwada irin gwajin Gwaggo, ban ji zafin soda a harshe ba, ɗacin sabulu kawai na ji.

Ban yi saurin zubawa ba, shi ya sa ya fara daskarewa a kwano, dole na riƙa danna shi da bayan ludayi cikin kwalin da na shimfiɗa wa leda, ina buga kwalin a ƙasa don iskar ciki ta fita. Samansa ya fito da gargada, launinsa kuma dabbare-dabbare saboda guntattakin nan, ga kore ga ja. A gaskiya ba zan iya kai shi gidan kowa da sunan sayarwa ba, na wankan gida ne.

Kashi ɗayan da ya rage ban dafa shi ba. Na bar shi a gurje cikin bokiti domin wankin tukwane da tsummokaran madafa, inda ƙarfin sodar zai yi amfani. Ruwan da na ɗauraye kwano da muciya ma ban zubar ba, tunda a Damagaram jarkar ɗan garuwa ba abin wasa ba ce, a ciki na jiƙa kayan makarantar yara. Kwalin yana ƙarƙashin gado na rufe shi da tsohon zane saboda ƙura, jibi Asabar zan yanka.