Darussa daga neman amilas a cikin ƙasa

Wanda zai nemi bakteriya mai fitar da amilas, wato enzayim ɗin da ke narkar da sitaci ya koma sukari, ya fara kula da inda zai ɗebi ƙasa. Ƙasar wurin da ake zubar da ɓawon rogo ko ruwan wankin hatsi ta fi ta gona, don da sitaci ƙwayoyin wurin suke rayuwa. A kankare saman, a ɗebo daga zurfin santimita 5 zuwa 10.

A dama giram 1 cikin mililita 9 na ruwan gishiri da aka tsarkake, a ɗumama a digiri 80 na minti 10. Zafin zai kashe yawancin ƙwayoyin, ya bar dangin Bacillus, masu rufe kansu cikin ƙwanso mai jure wuta. A tsarma ninki goma-goma har sau 5 ko 6, a shafa mililita 0.1 a farantin agar, wato daskararren abincin da ake renon ƙwayoyi a kansa, mai sitaci kashi 1 cikin 100, a ajiye a digiri 37 na awa 24 zuwa 48. Da an zuba ruwan aidin farantin zai yi shuɗi mai duhu, sai da'ira fara ta fito kewaye da ƙwayar da ta cinye sitacin.

Aidin yana kashe ƙwayoyin, don haka a kwafe kowace zuwa sabon faranti, a sa mata lamba, kafin a zuba.

Inda ɗalibai suka fi ruɗuwa shi ne faɗin da'irar. Kaurin agar da saurin yaɗuwar ƙwayar duk suna sauya shi, kuma sau da yawa mai babbar da'ira takan ba da kunya a ruwan reno, wato ruwan abincin da ake renon ƙwayar a ciki. Sai an rene ta a kwalba ana girgizawa, an tace ruwan, an auna sukarin da ta saki da sinadarin DNS mai sauya launi idan ya haɗu da sukari, sannan a san ƙarfinta. Kada a cika gulukos a ruwan renon: muddin ƙwayar ta sami sukari a sauƙaƙe, sai ta rage fitar da amilas.

Sai gwajin zafi, wanda bai kamata a tsallake ba. Masana'antar ruwan sukari tana dafa kunun sitaci a kusan digiri 105 na minti 5, sannan ta riƙe shi a wajen 95 na awa 1 zuwa 2. Shi ya sa amilas ɗin Bacillus licheniformis ya kama kasuwa, kuma shi ma sai da ɗan kalsiyam yake jurewa. Amilas ɗin da ya mutu a digiri 60 ba shi da aiki a wannan tukunya.

Abin da ya fi damuna shi ne Bacillus cereus. Yana cikin ƙasa ɗaya da Bacillus subtilis, wanda ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, yana tsallake zafin 80, yana iya ba da da'ira mai kyau, amma yana fitar da dafi mai sa amai da gudawa. A shuka ƙwayar a agar mai jini a ga ko tana fasa jinin kamar yadda Bacillus cereus ke yi, a kuma tantance ta da gwajin DNA, kafin a bari enzayim ɗinta ya taɓa abin da mutum zai ci.