Damina ta riske ni kafin in kai Rangun

Har yanzu abin yana ci mini rai. Kwana biyu muka yi ni da Yaya a kan tabarma, taswirar Bama shimfiɗe a tsakaninmu, muna buga wasan allo na ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga Disambar 1944 zuwa Mayun 1945. Shi ya ɗauki Japan, ni na ɗauki rundunar Janar Slim, kwamandan sojojin Birtaniya da ke yaƙar Japan a Bama. Na zaɓe ta ne saboda kakanmu ya yi yaƙin Bama, kuma cikin 'ya'yan wasan akwai biyu da aka rubuta wa 81 da 82, rundunonin Afirka ta Yamma.

To su ɗin ne na yi watsi da su. Lambar ƙarfinsu ƙarama ce, suna can Arakan, gefen teku, cikin duwatsu da kurmi inda da ƙyar ɗa ke matsa gida guda a zagaye. Hankalina duk yana kan tankoki. Na ƙetare kogin Irawadi, na yi dabarar Slim: na nuna Mandalay na nufa, na kewaya na faɗa wa Meiktila. Yaya bai ce uffan ba.

Sai da na tasam ma Rangun, babban birnin Bama a lokacin, ya ɗago kai ya ce, "Ƙanena, ƙirga gidajen da ke tsakaninka da filin jirginka." Na ƙirga, gabana ya faɗi. Jiragen da ke jefo wa sojojina abinci da mai ba sa iya kaiwa inda na kai. Dokar kuwa a rubuce take, na karanta ta na wuce: duk wanda guzuri ya yanke masa, rabin ƙarfinsa ya tafi.

Maganin yana Arakan ɗin da na raina. A tarihi an kama tsibirin Akyab a farkon Janairun 1945, aka sauka Ramree a cikin watan, domin a sami filayen jirgi kusa da fagen daga. A wannan watan ne kuma 81 da 82 suka matsa wa Japanawa ta kwarin Kaladan har suka ƙwace Myohaung, garin da aka sa wa wani barikin soja a Legas sunansa. Ni na bar su zaune wuri guda zagaye biyar, ban taɓa su ba.

Na koma ina tura su da gaggawa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Damina ta sauka, hanyoyi suka zama taɓo, tankokina suka tsaya cak, gida huɗu tsakaninsu da Rangun. Sojojin gaske sun shiga birnin ranar 3 ga Mayu, ruwa na fara zuba.

Idan za ka buga, ka karanta dokar guzuri sau biyu, ka ƙirga nisan jirginka kafin ka jefa dayis, kuma kowane zagaye ka fara da Arakan ko da gida ɗaya za a matsa. Ba rashin nasarar ce ta fi damuna ba. Kakanmu yakan ba mu labarin yadda suke ɗaukar harsashi a ka suna hawan dutse, inda mota ba ta shiga. Na san labarin tun ina yaro, kuma ranar da aka ba ni rundunarsu a hannu, lambar da ke jikin kwali na duba.