Alhamdulillahi an sallamo mu, ga godiyata

Assalamu alaikum ƴan uwa na nan Damagaram da na nesa. Jiya da la'asar aka sallamo yarona daga babbar likita bayan kwana 24, yana taka ƙafar da kanshi sai ɗan ɗingishi. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba ku yi min afuwa, lokacin hankalina baya jikina.

Da maruru abin ya fara, ɗan ƙarami a ƙwauri, ya fashe ya bushe muka manta da shi, bayan sati guda sai masassara mai zafi ga ƙafa ta kumbura baya yarda ko taɓawa a yi. Aka yi gwajin palu babu, muka kai shi wurin maɗori a zaton targaɗe ya samu wurin ƙwallo, har na sayo mishi kafso wurin masu talla. Wannan kuskurena ne kuma yana damuna har yau, don shan magani kafin awo yana iya hana a ga ƙwayar cutar.

Wanda zan fara yi wa godiya shi ne dattijon nan na labo. Ranar da doktor ya ce suna zargin wata ƙwayar cuta mai suna stafilokok ce ta shiga ƙashi kuma sai an jira sakamako, na same shi raina a ɓace na ce Baba, ba ku da awo irin Widal na taifot a ɗebi jini yau a faɗa mana yau? Bai ji haushi ba, ya jawo min benci. Ya ce Widal ɗin ma ba ƙwayar yake gani ba, antikor yake aunawa, wato garkuwar da jini ke ƙerawa in cuta ta shigo. To shi stafilokok maƙwabcinmu ne, kusan mutum 1 cikin 3 yana ɗauke da shi a hanci lafiya lau, kuma da wuya ka samu babba wanda jininshi ba shi da garkuwar shi, kenan in an gani a jinin ɗanka ba ta nuna shi ne ya kwantar da shi. Sai dai a ɗiba sau biyu da tazarar kamar sati 2 a ga ko ta hau, ta kan hau in cutar ta yi zurfi a ƙashi ko zuciya, amma wa zai zauna jiran sati 2 da yaro a wannan hali? Ya ƙara min da wani abu da ya tsaya min a rai, ƙwayar tana da wani sinadari a jikinta, furotin A, da ke cafke garkuwar ta wutsiya kamar ɗan kokowa da aka rungumo ta baya, kuma har yanzu babu allurar rigakafinta.

Shi ya sa suka shuka mugunyar da aka ciro lokacin da aka yi mishi aiki a ƙafar don su ga ƙwayar kanta, kwana 2 ta tsiro ruwan zinari, ya bar ni na leƙa madubin na ga su cure-cure kamar nonon inabi, ashe daga nan sunan ya samo, wani likitan Sukotlan Ogston ya gan su a mugunya tun 1880. Suka gwada magunguna a kai, Allah ya taimake mu ba mai taurin kan nan ba ne MRSA, irin stafilokok ɗin da ke ƙin jin magani, da aka fara gani a Ingila 1961.

Doktan da ya yi aikin, majo da ma'aikatan dare masu sa ruwa da allura ƙarfe 3 ba ƙorafi, Allah ya saka muku da aljanna. Mai ɗakina da ta kwana 24 kan tabarma, ƙanena da ya ba da jini, ƴan fadarmu da suka haɗa kuɗin ordonas ban ma roƙa ba, maƙwabta na Birni masu aiko fura da kunu, mai kabu-kabun da ya ƙi karɓar ko dala daren da muka kai shi, liman da malamin lakwal ɗinsu, wallahi ban da bakin gode muku.

Saura magani a gida har a cika sati 6, ranar Litinin za mu koma kwantarol. Masu son dubiya ku zo bayan magariba, da rana barci yake.